Bashin ƙungiya: ranar biya da ladabin zama gaban mai lissafi

 A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani mutum da kusan kowane gari yake da shi, amma ba a cika yin zancensa ba sai ranar da rigima ta tashi. Shi ne mai lissafin ƙungiya, wanda wasu ke kira kwantabul, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suke ce wa akanta. Shi ke riƙe da littafin kuɗi na ƙungiyar manoma, ko na bankin cimaka, ko na kantin taki da iri, ko na kwamitin likita. A manyan ƙungiyoyi aikinsa dabam ne da na ma'aji: ma'aji yana riƙe da akwati, shi kuma yana riƙe da alƙalami. A ƙananan garuruwa kuwa sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da kayan biyu, domin masu iya rubutu da ƙidaya ba su da yawa.

Abin da muke gani shi ne, yawancin ƙungiyoyin da suka mutu a karkararmu ba sata ce ta kashe su ba. Akwai sata, ba mu musanta ba. Amma abin da ya fi yawa shi ne bashin da aka biya a makare, da kuɗin da aka miƙa a inda bai kamata ba, ba shaida ba takarda. Waɗannan biyun suna cin ƙungiya a hankali kamar yadda gara ke cin rumbu, kuma masu yin su mutanen kirki ne, waɗanda ba su taɓa niyyar cin kuɗin kowa ba.

Mu fara da ranar biya. Mutane da yawa suna ɗauka cewa mai lissafi ne ya zaɓi ranar don son ransa, shi ya sa in ya matsa sai a ce ya cika tsanani, ko a ce yaron nan ya samu alƙalami ya manta da manya. Alhali ranar tana bin damina. A yankunan kudu, daga Ƙwanni zuwa Madawa, Maraɗi, Tasawa har Magarya, ruwan shuka yakan sauka tsakanin watan Mayu da watan Yuni. Dabarar nan ta sa taki kaɗan a ramin shuka, wadda masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore suka gwada kuma ta bazu a ƙasar nan, giram 6 na taki 15-15-15 ko giram 2 na DAP a kowane rami, tana bukatar takin ya kasance a hannu ranar da ake shuka. Kafin ya kasance a hannu, sai an tara kuɗi, an yi oda, an nemi mota, an sauke buhunan a mangaza, an raba. Wannan aikin watanni ne. Ke nan in aka ce a biya bashin taki a watan Disamba ko Janairu, lissafin shukar baɗi ake yi. Wanda ya kawo kuɗinsa a watan Yuni yana cewa ai ga shi ya biya, gaskiya ne ya biya, amma motar taki ta riga ta zo ta koma, kuma da buhu ɗaya ƙasa da abin da ya kamata ta kawo.

Haka abin yake ga bankin cimaka, har ma ya fi muni. Amfanin wannan banki duka yana cikin sayen hatsi da kaka, lokacin da yake da araha, a ajiye shi har bazara da farkon damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma aikin gona ya fi nauyi. Mu ɗauki misali, don a ga lissafin da ido. A ce tiyar hatsi tana dala 80 da kaka, ta kai dala 140 da bazara. Jikka 100 da ta shigo akwati da kaka za ta sayi tiya 250. Jikka 100 ɗin nan, in ta shigo da bazara, ba za ta wuce tiya 142 ba. A littafi kuɗin ɗaya ne, ba a rasa ko dala ba. A mangaza kuwa an rasa tiya sama da 100, wato fiye da buhu 2 da rabi. Wa ya ci wannan hatsi? Babu wanda ya ci shi, jinkiri ne ya tafi da shi. Amma in watan Agusta ya zo aka ce hatsin banki ya ƙare, mai lissafi da mai riƙe da makullin mangaza ake fara kallo.

A gefen likita ma maganar ɗaya ce. Tun taron Bamako na 1987 ƙasashen Afirka suka ɗauki hanyar sa jama'a su riƙa ba da wani abu kaɗan don maganin likita ya daina yankewa, kuma Nijar ta kafa dokar wannan tsari a 1995. Kuɗin da mai karɓa yake tarawa shi ne ake komawa da shi a sayo sabon magani. In akwatin likita ya cika da alkawari, wane zai kawo ran kasuwa, wane sai ya sayar da akuya, to ranar oda ba a aikawa da alkawari. Zazzaɓin cizon sauro yakan yi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, kuma maganin da za a sha a lokacin dole a saye shi tun kafin nan. A 2006 hukuma ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da kuɗin awon ciki, a kan cewa ita za ta riƙa mayar wa likitoci abin da suka kashe. An ga yadda jinkirin mayar da kuɗin ya bar likitoci da dama da kanta babu magani a shekarun da suka biyo. Mun kawo wannan ne don a san cewa ciwon jinkirin biya bai tsaya ga talaka ba, kuma duk inda ya fito illarsa ɗaya ce.

Dattawanmu sun ga irin wannan da idonsu. A 1962 aka kafa hukumar UNCC don ƙungiyoyin manoma, a shekarar kuma aka kafa SONARA don cinikin gujiya. A 1967 aka buɗe asusun bashin noma na CNCA. An ba da iri bashi, an ba da garmar shanu da amalanke bashi. Sai fari ya zo, na 1973 da na 1984, mutane suka kasa biya, wasu kuma da suke da halin biya suka ɓuya a bayan waɗanda suka kasa. Magana ta bazu cewa kuɗin gwamnati ne, ba a biyansu. Kafin a kai 1990 asusun ya durƙushe. Ba manoma kaɗai ke da laifin wannan ba, akwai manyan masu bashi da rashin kyakkyawan riƙo a sama. Amma manomi ne ya daɗe yana ɗanɗana sakamakon, domin shekaru da yawa bayan nan in yana son bashi sai dai ya je wurin ɗan kasuwa, ya jinginar da hatsin da bai ma yi kai ba. Sannan a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin taki da na magani ya tashi. Ƙungiyar da kuɗinta ke cikin mangaza a matsayin kaya ta tsira da abinta. Wadda kuɗinta ke watse a hannun masu bashi ta karɓo su daga baya ba su iya sayen abin da suke saya a da.

To amma akwai magana mai nauyi a bakin manomi, kuma wajibi ne a saurare ta. Yana cewa: kuna so in biya da kaka, alhali da kaka ne hatsi da wake suka fi faɗuwa a kasuwa; in na sayar yanzu don in biya ku, da bazara zan sake sayen hatsin nan da tsada don in ci da iyalina. Wannan gaskiya ce. Kuma da kaka ne komai ke taruwa a kan mutum: haraji, kayan ƴan lakwal, aure, bashin ɗan kasuwa. Manomin albasa na Galmi yana da irin wannan kuka, domin lokacin da kowa ke haƙa, wajen Maris da Afrilu, shi ne lokacin da albasa ta fi arha, ga ta kuma ba ta jure ajiya sai da kulawa.

Sai dai wurin wannan kuka shi ne babban taron ƙungiya, tun kafin a raba bashi. A nan ne ake iya cewa a raba biyan kashi biyu, ko a yarda a karɓi hatsi ko wake a maimakon kuɗi a kan farashin da aka tsayar, ko a sa wa masu noman rani ranarsu dabam da ta masu noman damina. Akwai kuma hanyar jinginar da amfanin gona, wadda ake kira warantaji, da ta fara yaɗuwa a Nijar daga 1999 ta hannun wani shiri na hukumar FAO. Manoma suna zuba buhunansu a mangaza da kaka, a rufe da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashi. A ba su wani kaso na darajar kayan su yi sana'ar rani, in sun biya bayan ƴan watanni a buɗe musu kayansu lokacin da farashi ya tashi. Duk waɗannan hanyoyi ne na sauƙi, kuma taro yana da ikon zaɓarsu. Abin da ba shi yiwuwa shi ne mutum ya yi shiru a taro, ya ɗaga hannu tare da kowa, sannan ranar biya ta zo ya bi mai lissafi gida da dare yana neman a yi masa tasa ranar shi kaɗai. Mai lissafi ba shi da wannan iko. In ya ba da shi, ya ba da abin da ba nasa ba.

Wanda wata larura ta same shi, gobara ko rashin lafiya ko mutuwar dabba ko gonar da fara ta cinye, ladabi shi ne ya zo tun ranar ba ta yi ba. Ya sami shugaba da kwamiti, ya faɗi abin da ya faru, ya kawo abin da ya sawwaƙa, a rubuta saura da sabuwar rana. Kwamitin da ke zaune cikin gari ya san gonar kowa, ba za a yi masa ƙarya ba, shi ma kuma ba zai rasa tausayi ba. Bambanci ne babba tsakanin wanda ya zo da mako biyu kafin rana da wanda sai an aika masa sau uku. Na farko ya ba ƙungiya lokacin gyara lissafinta. Na biyu ya sa an ɓata masa suna, shi kuma ya riƙe mai lissafi a zuciya har abada, alhali aike kawai aka yi da shi.

Yanzu mu zo ga wurin biya, inda muke ganin kunyarmu ta Hausawa tana yi mana ɓarna. Mu mutane ne masu son sirri a harkar kuɗi. Mutum ya fi son ya dunƙule kuɗi a hannu, ya miƙa cikin gaisuwa, ba wanda ya gani. A zumunci wannan hali ne mai kyau, da shi ake taimakon ɗan'uwa ba tare da an tozarta shi ba. A kuɗin ƙungiya kuwa guba ne. Ana tare mai lissafi a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, a wurin suna, a wurin zaman makoki, a tsakiyar kasuwa yana cinikin kansa, a soka masa kuɗi a aljihu a ce ga saƙon nan, ka rubuta in ka koma. Wasu ma ba su same shi ba, sai su bar wa matarsa, ko su ba yaro ya kai. Shi kuma kunya ta hana shi cewa a'a, musamman in mai bayarwa ya haife shi, ko surukinsa ne, ko mai unguwa. Kuɗin ya shiga aljihu ɗaya da kuɗin cefanensa. Kafin ya isa gida an yi masa irin haka sau uku. Da dare ya buɗe kaye, ya tuna biyu, ya manta ɗaya, ko ya tuna mutum ya manta adadi. Bayan wata 4 a taro a karanta sunan wane cikin masu bashi, wane ya miƙe ya rantse ya biya, mai lissafi ya rantse bai gani a littafi ba, kuma dukansu biyu gaskiya suke faɗi. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kafin mu tuhumi mai alƙalami, mu duba yadda muka miƙa masa kuɗin.

Ya kamata kowace ƙungiya ta tsayar da rana da wuri, kowa ya sani: misali kashegarin kasuwar gari, daga hantsi zuwa azahar, a ƙofar mangaza, mai lissafi da ma'aji da mutum ɗaya daga masu bincike suna zaune. A wajen wannan zama ba a karɓar ko dala. In taro ne ya kafa dokar, mai lissafi ya sami abin jingina. In baffansa ya tare shi a hanya, zai iya rusunawa ya ce: Baba, ka yi haƙuri, taro ya hana ni, ranar Talata ina nan ina jiranka, kai zan fara sallama. Babu rashin kunya a wannan magana. Dattijo mai hankali zai ji daɗi ma, domin ya san haka za a yi wa kowa.

Mata sun riga mu gane wannan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka fara a yankin Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, kuma daga baya aka kwaikwayi tsarinsu a ƙasashe da yawa, ba su da wani sirri da ya wuce wannan. Suna zama a rana ɗaya kowane mako. Kowace tana zuba kuɗinta a gaban kowa, ana faɗin adadi da ƙarfi. Akwati ba ya buɗuwa sai a taro, makullansa kuma ba a hannun mutum ɗaya suke ba. Wadda ta makara akwai tara. Da yawa daga cikinsu ba su yi lakwal ba, amma idanu 30 da kunnuwa 30 sun zame musu littafi. Maza da ke da kaye da hatimi suna iya zuwa su ga yadda ake yi.

In an zauna gaban mai lissafi, a yi sallama a gaisa kamar yadda aka saba, amma a gajarta, domin akwai mutane a baya. Mai biya ya ƙirga kuɗinsa da kansa a fili, ma'aji ya sake ƙirgawa. A nan akwai wani tarko da muke so malaman yaƙi da jahilci su riƙa nanatawa. Mu da baki dala muke ƙirgawa, takarda kuwa da faran take magana, kuma dala ɗaya faran 5 ce. Dala 20 ita ce faran 100, dala 100 ita ce faran 500, dala 200 ita ce jikka ɗaya, wato faran 1000. In mutum ya ce na kawo 200, mai lissafi ya rubuta 200 bai sa alama ba, wanda zai karanta littafin baɗi zai iya ɗauka faran 200 ne, wato dala 40. An rage wa mutum kuɗinsa kashi 4 cikin 5 ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Saboda haka a faɗi adadin ta hanya biyu, da dala da faran, a rubuta shi da faran, a karanta wa mai biya abin da aka rubuta kafin ya tashi.

Garuruwan bakin iyaka suna da ƙarin matsala, domin naira tana yawo a kasuwanninsu tare da sefa, kuma canjinta na safe wani lokaci ba shi ne na yamma ba. Wanda ya ci bashi da sefa ya canza kuɗinsa a kasuwa ya kawo sefa. Kada a mai da mai lissafi ɗan canji. Waɗanda suka riƙe naira a akwati lokacin da Najeriya ta sauya manyan takardun kuɗinta a ƙarshen 2022 sun san wahalar da aka sha. Haka nan kuɗin da ɗan ci-rani ya turo ta waya ko ta kamfanin aika kuɗi: ya faɗa hannun ɗan'uwansa, shi ya kawo ranar zama. In ana turawa cikin wayar mai lissafi ta kansa, an koma gidan jiya, aljihu ɗaya ne ya zama waya ɗaya.

Sai maganar rasit, wanda wasu ke kira resi. Har yanzu akwai masu jin nauyin neman sa, suna ganin kamar sun ce wa mutum ba su yarda da shi ba. Akwai kuma masu lissafi da ke ɓata rai in an nema. Dukansu sun yi kuskure. Malamanmu sun sani cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a surar Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa da kafa shaidu take. Ba a saukar da wannan don ana zaton musulmi ɓarayi ne ba. Ɗan Adam mai mantuwa ne, kuma mai mutuwa ne. Mai lissafin da kowa ya yarda da shi zai iya rasuwa da damina, ko ya tafi ci-rani, a ba wani littafin. Ranar nan takardar da ke cikin jakar mai biya ita ce za ta yi magana, ita ce kuma za ta wanke sunan mamaci a gaban ƴaƴansa. Rasit na gaskiya yana ɗauke da suna, da kwanan wata, da adadi, da abin da aka biya dominsa, da abin da ya saura, da sa hannu, kuma yana da ɗan'uwansa da ya rage a littafi. A ajiye shi cikin leda tare da katin rigakafin yara da takardar haraji, inda ruwa da gara ba su kaiwa.

Akwai wata al'ada da muke so a bari, ita ce kai wa mai lissafi goro ko zabi ko damin hatsi ana gab da ranar biya. Mai kaiwa yakan ce zumunci ne. Wataƙila haka ne a zuciyarsa, amma idon gari ba haka zai karanta ba, kuma mai karɓa ya ɗaure bakinsa. Wanda yake son yi masa alheri ya jira har a rufe lissafin shekara, sunansa ba ya cikin masu bashi. Haka nan aika limami ko mai gari ko uwar mai lissafi su roƙa maka shi. Wannan matsi ne da aka yi wa rawani, kuma yana jefa yaro tsakanin saɓa wa manya da cin amanar jama'a.

Shi ma mai lissafi akwai ladabin da ke kansa, kuma alƙalami bai ɗauke masa shi ba. In an tsayar da ranar zama ya zo a kan lokaci, kada tsoho ya taho daga ƙauyen da ke nesa a kan jaki ya tarar an ce ya tafi birni. Ya fara sallamar tsofaffi da mata masu goyo da waɗanda suka bar tukunya a wuta. Ya tanadi canji. Ya rubuta a gaban mai biya, ba sai an watse ba. Kada ya tuna wa mutum bashi a tsakiyar kasuwa ko a gaban surukansa, kada kuma bashin wane ya zama hirar dandali. Sunayen masu bashi a taro ake karanta su, bayan an yi wa kowa gargaɗi. In wanda bai iya karatu ba ya ce a sake karanta masa, ya sake, sau uku ma in ta kama, ba tare da tsaki ba. Kuma in masu bincike suka nemi littafi ya miƙa da fara'a. Dokar ƙungiyoyin gama-kai ta OHADA, wadda aka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da take aiki a kansu, ta tanadi kwamitin sa ido dabam da kwamitin gudanarwa. Bincike aiki ne na kullum, ba sai an yi zargi ba.

Daga nan sai haƙƙinsa, wanda shi ne aka fi mantawa da shi. A garuruwa da yawa ana zaɓar saurayin da ya fito cibiyar yaƙi da jahilci ko ya yi ƴan shekaru a lakwal, a ɗora masa littafi, a ce aikin gayya ne, Allah ya ba da lada. Shekara ta farko zai yi da murna. Amma lokacin rabon taki shi ne lokacin shukarsa, lokacin karɓar bashi shi ne lokacin girbinsa, da rani kuma sa'o'insa sun tafi Kano ko Legas ko Abijan neman kuɗi, shi yana tsare da mangaza. Mutumin da kuɗin gari ke ratsa hannunsa kullum, gidansa kuma babu cefane, an sa shi cikin jarrabawar da ba kowa ke cinye ta ba. Yakan fara da aron dala 100 da niyyar mayarwa ran kasuwa. Mu a ganinmu taro ya yanka masa abin da zai riƙa samu, kuɗi ne a wata ko wani kaso na ribar shekara ko buhun hatsi da kaka, a rubuta shi, kowa ya sani. A biya shi a ranar da aka faɗa, kamar yadda ake so mai bashi ya biya a ranarsa. Kuma kada ya cire da hannunsa: ma'aji ne zai miƙa masa, shugaba ya sa hannu, shi ma ya ba da rasit. Ƙungiyar da take ganin ba ta da halin wannan, ta yi masa gayya a gonarsa ranar noman farko, domin kwana ɗaya na mutum 20 yana iya mayar masa da kwanakin da ya ɓata a kan littafi.

Cibiyoyin yaƙi da jahilci da rani suke aiki, bayan an gama shigar da amfanin gona. Muna roƙon malamai su sa karatun rasit da juya dala zuwa faran cikin darasin ƙidaya tun makonnin farko, masu koyo kuma kowa ya zo da tsofaffin rasit ɗinsa daga gida, a yi darasin a kansu. Shugabannin ƙungiyoyi su ma su tura aƙalla mutum 2 bayan mai lissafi, ɗaya daga cikinsu mace, su koyi riƙon littafi, don in ya yi tafiya ranar zama a sami wanda zai zauna a madadinsa.